Na kashe sabunta burauza saboda tsadar data, akwai matsala?

Tambayar ta fito ne daga wani mai shagon buga takardu da cike fom a intanet. Ya ce kwamfutoci huɗu gare shi, biyu masu Windows 7, biyu masu Windows 10, kuma jama'a na shiga imel ɗinsu da shafukan makarantu a kansu kullum. Yaron shagonsa ya kashe duk wani abu mai sabunta kansa, domin yana cinye data yana kuma sa kwamfuta nauyi. Ya ƙara da cewa yana da anti-bairos, kuma ba a buɗe shafukan banza a shagonsa. Shin akwai abin tsoro?

Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara buɗi. Eh, akwai, kuma ba daga inda kake tsaro zai ɓullo ba. Yaronka bai yi ƙarya ba game da data, musamman ta Windows. Sai dai ya haɗa abu mai tsada da abu mai araha ya rufe su gaba ɗaya, kuma mai arahar, wato sabunta burauza, shi ne wanda bai kamata a taɓa ba.

Bari mu fara da abin da burauza take yi. Mutane na ɗauka shafin intanet kamar allon talla ne, kallonsa kawai ake yi. A gaskiya duk shafin da aka buɗe umarni ne wani da ba ka taɓa gani ba ya rubuto, kwamfutarka kuma take aiwatarwa nan take. Rubutun, hotunan, bidiyon, har irin haruffan da shafin ya zaɓa, duk sai burauza ta karɓa ta warware su kafin su bayyana. A wuni guda kwamfutar shagonka tana bin umarnin baƙi ɗaruruwa. Masu ƙera Chrome da Firefox da Safari sun san da haka, shi ya sa suka gina wa baƙon zaure. Ya shigo, ya zauna, ya faɗi abin da ke tafe da shi, amma ba ya leƙa cikin gida inda fayiloli da kalmomin sirri suke. Abin da ake kira raunin tsaro shi ne tsagar da ke jikin bangon zauren nan, kuma ka san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yawancin tsagogin iri ɗaya ne. Manhaja takan ware wa bayani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kamar a ajiye kwano mai cin mudu ɗaya. Idan mai rubuta manhajar ya manta bai sa a auna abin da za a zuba ba, sai maharin ya aiko da mudu biyu, rarar ta malala cikin kwanon da ke kusa. Gwanintar masu kutse ita ce su tsara abin da zai malala da inda zai sauka, har ya zama kwamfuta ta ɗauki rarar a matsayin umarni. Akwai kuma nau'in da ya yi kama da ɗan haya da ya tashi bai mayar da makulli ba, aka zuba sabon mutum a ɗakin, shi kuma tsohon yana dawowa cikin dare. Masu kula da Chromium, tushen da aka gina Chrome a kai, sun bayyana a 2020 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na manyan raunukan da suke samu daga irin wannan kuskuren ƙwaƙwalwa ne. Microsoft ma ta ba da adadi makamancin wannan game da nata kayan a 2019. Layukan umarnin da ke cikin burauza miliyoyi ne, 'yan Adam suka rubuta su, kuma har gobe ana ƙarawa. Saboda haka kada ka jira ranar da za a ce an gama toshe kafofi.

To, maganar cewa ba a buɗe shafukan banza a shagonka. Na yarda da kai, amma hakan ba ya hana komai. A watan Maris na 2016, masu karanta shafukan New York Times da BBC da MSN sun ci karo da tallace-tallace masu ɗauke da guba. Ba gidajen jaridun aka fasa ba, ta hannun dillalan talla aka cusa abin. Tallan yakan laluba kwamfutar mai karatu, idan ya tarar da tsohuwar manhaja irin Flash ko Silverlight wadda ba a yi wa faci ba, wato gyaran da ke toshe rauni, sai ya dasa manhajar da ke kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa. Mutumin da labarai kawai ya je karantawa, wane shafin banza ya shiga?

Ga wanda ya fi wannan. A watan Satumba na 2023 an gano rauni a cikin ɗan ƙaramin tsarin da ke buɗe hotuna nau'in WebP, wanda Google ta fito da shi tun 2010. Lambar raunin CVE-2023-4863, irin lambar da ake bai wa kowane rauni tun 1999 don kowa ya san a kan wanne ake magana. Hoto kawai ake tsarawa ta wata siga, da zarar an nuna shi, kwanon ya cika ya malala. Injiniyoyin tsaron Apple da masu binciken Citizen Lab na Jami'ar Toronto a Kanada ne suka kai rahoton. Kwanaki kaɗan kafin nan Citizen Lab ta kama wani hari da aka kai wa wayar iPhone ta wani ma'aikacin ƙungiyar farar hula a Washington, inda aka dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus ta hanyar saƙo, ba tare da mai wayar ya danna komai ba. Apple ta fitar da faci ranar 7 ga Satumba, Chrome ranar 11, Firefox washegari. Da yake manhajoji da yawa wannan tsarin guda suke aro, sai da Edge da Brave da Opera da Signal na kwamfuta da wasu tuli suka bi sahu. Duk burauzar da aka daina sabuntawa kafin wannan wata, kafar tana nan a buɗe har yau.

Na san abin da za ka ce: ni ba ɗan jarida ba ne, ba ɗan siyasa ba, wa zai kashe kuɗi a kaina? Gaskiya ne, kuma a nan ne nake so ka tsaya da kyau, domin nan ne mutane suke yin kuskuren lissafi.

Rauni kala biyu ne ta fuskar lokaci. Akwai wanda mai manhajar bai san da shi ba, babu facinsa, maharin kaɗai ke riƙe da sirrin. Wannan kaya ne mai tsada, ana sayar da shi ɗaruruwan dubbai har miliyoyin daloli, kuma mai shi ba ya ɓarnatar da shi, domin duk amfani ɗaya na iya tona shi. Irinsa aka yi wa Ahmed Mansoor, ɗan rajin kare haƙƙin ɗan Adam a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a watan Agusta na 2016. Saƙo aka turo masa da linki, wai akwai bayanan azabtar da fursunoni a ciki. Bai danna ba, ya tura wa Citizen Lab. Aka tarar da raunuka uku a jere: na farko ya kama burauzar Safari, wato zauren, sauran biyun su ɓalle ƙofar cikin gida. Apple ta toshe su ranar 25 ga watan. Irin wannan harin ba kai ake nufi da shi ba, kuma ko kai ake nufi, sabuntawa ba za ta cece ka a ranar ba.

Amma daga ranar da faci ya fito, labari ya canja. Facin da kansa taswira ce. Chromium da Firefox a buɗe suke, kowa na iya karanta gyaran da aka yi. Ko na Windows da ba a buɗe yake ba, masu kutse sukan ajiye tsohon fayil gefe da sabo su duba inda suka bambanta, kamar mai neman inda aka yi wa katanga sabon yaɓe. Inda yaɓen yake, nan ramin yake a duk gidan da bai gyara ba. Sai sirrin da jiya yake hannun mutum biyar ya zama na kasuwa, ƙananan ɓarayi su ɗauka su zuba a tallace-tallace da shafukan da suka fasa, su baza taru, duk wanda ya faɗo nasu ne. Ba sa tambayar sunanka ko sana'arka. Google da kanta ta ce a da, tsakanin a rubuta gyara a fili da ya isa ga masu amfani da Chrome yakan ɗauki kusan kwana 35, ta rage shi zuwa kamar 15, sannan daga watan Agusta na 2023 ta koma fitar da facin tsaro mako-mako. Ba don son takura maka suke yi ba, tsere suke da masu karanta gyaran.

Misalin da ya fi nuna wannan shi ne wanda masu binciken barazana na Google suka wallafa a watan Agusta na 2024. Tsakanin Nuwamba 2023 da Yuli 2024 an fasa shafukan gwamnatin Mongoliya, har da na ma'aikatar harkokin waje, aka ɗana tarko a ciki. Google ta danganta aikin da ƙungiyar masu kutse ta APT29 mai alaƙa da Rasha. Raunukan da aka yi amfani da su a kan iPhone da Chrome na Android duk an riga an yi musu faci, kuma wasunsu kusan kwafi ne na waɗanda kamfanonin sayar da kayan leƙen asiri suka yi amfani da su tun farko. Wanda ya sabunta wayarsa ya shiga shafin ya fita lafiya. Wanda bai sabunta ba aka kwashe masa kukis.

Kukis ɗin nan su ne abin da ya shafi shagonka kai tsaye. Idan mutum ya shiga imel ɗinsa da kalmar sirri, shafin yakan bar wa burauza wata 'yar shaida, kamar katin da maigadi ke bai wa wanda ya riga ya tantance, don kada a riƙa tambayarsa a kowace ƙofa. Wanda ya sace katin ba ya bukatar kalmar sirri, sau da yawa ba ya bukatar lambar da ake turowa ta waya ma. Ka tuna irin abin da ke ratsa kwamfutocinka: lambar NIN, hoton fasfo, takardun makaranta, lambar katin banki wajen biyan kuɗin fom. Ba naka kaɗai ba ne, amanar mutane ce. Kwamfuta ɗaya a shago irin naka ta fi wayoyi hamsin daraja a wurin ɓarawo.

Anti-bairos kuwa yana da amfaninsa, ban ce ka cire ba. Amma aikinsa ya fi ƙarfi wajen gane fayil mai cutarwa wanda aka riga aka san kamanninsa. Harin burauza a cikin ƙwaƙwalwa yake faruwa, a jikin manhajar da anti-bairos ɗin ya amince da ita, kuma yana iya gama ɗaukar abin da ya zo nema ba tare da ya ajiye fayil ko ɗaya ba. Maigadi ne a tsakar gida, ba shi ke gyara katanga ba. Sannan ina da tambaya: shi anti-bairos ɗin, yaushe rabonsa da sabuntawa? Na sha buɗe kwamfutocin shaguna in tarar da wanda lasisinsa ya ƙare shekara biyu, yana nan a kusurwa da alamarsa, mai shago yana ganinsa hankalinsa a kwance. Wanda ke zuwa cikin Windows 10 kyauta, in dai ana barinsa ya sabunta, ya fi irin wannan nesa ba kusa ba.

Don in yi adalci, sabuntawa ma takan yi ɓarna wani lokaci. Ranar 19 ga Yuli 2024 wata sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Shi ya sa manyan ma'aikatu ke gwada faci a kan 'yan kwamfutoci kafin su watsa. Amma a ɗora wannan a ma'auni guda da WannaCry, manhajar kulle fayiloli don neman kuɗin fansa da ta bi ta wata kafa a Windows. Microsoft ta fitar da facin wannan kafa ranar 14 ga Maris 2017. Harin ya zo ranar 12 ga Mayu, kusan wata biyu bayan nan, ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya dubbai. Ba ta burauza ya bi ba, ta hanyar raba fayiloli ta Windows ya bi, amma ciwon ɗaya ne: magani na ajiye, ba a sha ba. Jinkirin kwana biyu don gwaji dabara ce. Kashewa gaba ɗaya wani abu ne daban.

Yanzu ga kwamfutocinka. Masu Windows 7 ɗin nan biyu, ko ka kunna sabuntawa babu abin da zai zo. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Chrome kuma ya tsaya a siga ta 109 a farkon 2023. Duk kafar da aka gano a Chrome bayan siga ta 109 tana nan a jikinsu, kuma babu mai zuwa toshewa. Firefox 115 ESR ne ya ci gaba da samun faci a kan Windows 7 bayan nan, shi ma na wucin gadi ne, kuma gyaran zaure ne a gidan da rufinsa ya riga ya yaye. Ni dai shawarata ka cire su daga intanet kwata-kwata, a bar su wa taifin da buga takardu, aikin da za su yi shekaru suna yi lafiya. In kuma dole sai sun hau intanet, a sa musu Linux mara nauyi a madadin Windows, wanda kyauta ne kuma sabon Firefox na tafiya a kansa. Yaronka zai yi gunaguni mako guda, daga nan ya saba. Internet Explorer kuwa, tsohuwar burauzar Windows, kada a ƙara buɗe shi ko da kuskure, an yi masa ritaya tun 15 ga Yuni 2022.

Masu Windows 10 su ma agogonsu ya buga, tallafinsu na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai Microsoft ta buɗe shirin ƙarin facin tsaro na wani ɗan lokaci ga wanda ya yi rajista, Chrome da Edge kuma suka ci gaba da sabuntawa a kansa. Ka duba ko za su ɗauki Windows 11. Kafin nan, a yau ɗin nan, ka buɗe Chrome ka rubuta chrome://settings/help a wurin adireshi. Zai duba da kansa ya sauke sabo. Idan ya ce an hana sabuntawa, to yaronka ya san inda ya taɓa, ya je ya warware.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: saukewa ba ita ce gamawa ba. Facin ba ya kama aiki sai an rufe burauzar an sake buɗewa. A shaguna da yawa ba a kashe laftof, murfi kawai ake rufewa, sai burauza ta yi wata guda a buɗe da tsohon jikinta. Ka lura da ɗan maɓallin da ke fitowa a kusurwar sama ta dama. Kore na nufin sabuntawar ba ta kai kwana biyu ba, ruwan goro kamar kwana huɗu, ja kuwa mako guda ko fiye. A dokar shago ka sa cewa ja ba ya kwana.

Batun data kuma a raba shi biyu. Sabunta burauza ƙarami ne, bai kai abin da yaran shago ke ƙonawa a kallon bidiyo kafin azahar ba, wannan a sake shi ya yi ta kansa. Na Windows shi ne mai nauyi, kuma yana da rana sananniya: tun 2003 Microsoft ke fitar da facinta a Talata ta biyu ta kowane wata. Kana iya gaya wa Windows cewa layinka na awo ne don kada ya riƙa ɗiba ba sallama, sannan ka ware dare ɗaya a cikin makon, ka sayi datar dare mai rahusa ka saki kwamfutocin su sha. Sau ɗaya a wata ne. Ka sa kuɗin cikin lissafin man janareta da tawadar firinta.

Wayarka ma ba ta fita ba. A Android, Chrome da wani abu mai suna Android System WebView daga Play Store suke sabuntawa, kuma WebView ɗin shi ne burauzar ɓoye da manhajoji da yawa ke buɗe linki da ita. Ɗabi'armu ta tura manhaja ta Xender daga wayar aboki, sannan a kashe Play Store don tattalin data, tana barin waɗannan biyun su tsufa ba a sani ba. Waya mai Android 8 ko 9 kuwa Chrome ya daina zuwa mata da sabo tun 2025. Mai iPhone ya sani cewa a wajenmu duk burauzar da ya sa, har Chrome, injin Safari ne a cikinta, don haka facinsa yana zuwa ne tare da sabunta iOS ɗin kanta.

Sai gargaɗi ɗaya, domin kada in tura ka cikin wani ramin. Masu kutse sun san ana ta cewa mutane su sabunta, sai suka mai da nasihar tarko. Za ka buɗe shafi, wani lokaci shafin kirki da aka fasa, sai allo ya cika da tambarin Chrome, wai burauzarka ta tsufa, danna nan ka sauke sabuwa. Abin da za ka sauke shi ne cutar. Burauza ba ta taɓa aiko da sabuntawarta ta cikin shafi, ba ta turo ta a WhatsApp, ba ta ce ka kwafi wani rubutu ka liƙa a wani wuri. Daga cikin saitinta take yi, ko daga Play Store, ko daga Windows. Ka gaya wa yaronka, duk shafin da ya ce masa ya sabunta, ya rufe shafin, ya rubuta adireshin nan da na ba ka ya duba da idonsa. Kuma tunda jama'a ke hawa kwamfutocin, ka buɗe musu asusun Windows na daban wanda ba shi da ikon girka manhaja, su riƙa aiki a yanayin baƙo na Chrome, wanda ke share tarihin shafuka da kukis da zarar an rufe taga. Naka asusun mai cikakken iko, kalmar sirrinsa ta tsaya a wurinka.